Wasiƙa a makare, biza babu, allo babu: wahalar zuwa taron lissafi daga Legas

Duk malamin lissafi ko ɗalibin digiri na uku da ke zaune a Legas ya san cewa rubuta maƙala ba ita ce babbar wahalar zuwa taron ƙara wa juna sani ba. Mutum zai kwashe watanni yana kokawa da hujjar ƙa'ida guda har ta miƙe, ya tura tsakure, wato taƙaitaccen bayanin maƙalar, a karɓa, amma ranar da za a buɗe taro yana zaune a ɗakinsa a Agege ko Idi-Araba, saboda wata takarda mai shafi ɗaya ba ta iso da wuri ba. Abin ya ishe mu haka nan. Kuma kada wani ya ce ƙaddara ce. Sakaci ne na mutanen da ba su taɓa ɗaukar kalanda sun ƙirga kwanaki da baya-baya ba.

To, bari mu ƙirga musu.

A ce taron a Italiya ne, ko Jamus, ko Faransa. Ƙa'idar bizar Shengen, wato bizar bai ɗaya ta shiga waɗannan ƙasashe, ta ce ana yanke hukunci cikin kwana 15, amma ana iya jan sa har kwana 45. Wannan ƙidayar ba ta farawa sai ranar da ka miƙa takardu aka ɗauki hoton yatsunka, ba ranar da ka fara neman layi ba. Samun ranar miƙa takardu a Legas tsakanin Mayu da Agusta kuwa wani yaƙi ne na daban, domin lokacin ne ɗalibai masu tafiya karatu da masu zuwa hutu suke cika layi, kuma lokacin ne dai jami'o'in Turai ke shirya yawancin tarukansu. Kafin ka isa nan ma sai ka nuna wanda zai biya kuɗin tafiyar. In tallafin TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, kake nema, asusun yana son takardu su same shi wata biyu kafin taro, kuma ba kai za ka kai da hannunka ba. Sai sun bi ta shugaban sashe, shugaban tsangaya, kwamitin makaranta, sannan ofishin shugaba. Kwamitin nan ba kullum yake zama ba. In ka rasa zaman wannan wata, sai na gaba. Haɗa duka, za ka ga ɗan Nijeriya yana bukatar wasiƙar karɓar maƙala da ta gayyata a hannunsa wata huɗu kafin taro, in ana son gaskiya ma wata biyar. Doka ta yarda a nemi biza tun saura wata shida. Amma masu shirya taro sai su rufe karɓar tsakure saura wata uku, su yi ta jan ƙafa wajen tantancewa, su turo wasiƙa saura mako shida. Wanda zai hau jirgin ƙasa daga Paris mako shida sun ishe shi har da ragi. Wanda zai tashi daga Ikeja an riga an sallame shi, ba a dai faɗa masa ba ne.

Ita kanta wasiƙar sau da yawa ba ta da amfani. A turo imel mai layi uku, babu tambarin jami'a, babu sa hannu, babu lambar wayar da jami'in biza zai kira. Wasiƙar da za ta yi aiki dole ta ɗauki cikakken suna daidai da yadda yake a fasfo, harafi da harafi, da lambar fasfo, da ranar farawa da ta ƙarewa, da adireshin wurin taro, da sunan maƙalar da za a gabatar, sannan ta faɗi ƙarara wa zai biya jirgi, wa zai biya masauki. Mu 'yan Arewa abin ya fi cizonmu: fasfo ya ce Muhammad, takardar aiki ta ce Mohammed, banki ya ɗora sunan gari a matsayin sunan mahaifi, mai gayyata kuma ya juya na farko ya koma na ƙarshe. Kowane saɓani dalili ne na ƙin ba da biza, kuma yuro 90 da ka biya ba ya dawowa. Ga inshorar lafiya da dole ta kai yuro 30,000, ga fasfo da dole ya rage masa aƙalla wata uku bayan ranar dawowa, da shafi biyu da ba a buga komai a kansu ba. Ga kuma bayanin asusun banki. Nan ne jinkirin makaranta ke yin ɓarna ta biyu: tallafin ya faɗo asusunka dunƙule guda ana saura 'yan kwanaki, jami'in biza ya ga albashin malami na wata-wata sannan kwatsam ga miliyoyi, sai ya ɗauka aro ka yi don ka cika ido. In babu wasiƙar ofishin kuɗi da ke bayyana tushen kuɗin, kuɗin da ya kamata ya taimake ka shi zai kayar da kai.

Amurka kuma matsinta daban. Babban taron masana lissafi na duniya, ICM, wanda ake yi duk shekara huɗu kuma ake ba da lambar yabo ta Fields a cikinsa, na 2026 an sa shi a Filadelfiya. A 2025 biza dala 185 ce, a cike fom ɗin neman biza na DS-160, a jira ranar ganawa a ƙaramin ofishin jakadanci da ke Victoria Island. Daga Yulin 2025 aka mayar da yawancin bizar ziyara ta 'yan Nijeriya shiga ɗaya, wata uku. Ma'ana a wancan tsari in ka samu da wuri ƙwarai za ta mutu kafin taro, in ka jira kuma layi ya wuce ka.

Sai maganar biyan kuɗin rajista. Masu taro su sa rangwame ga wanda ya biya da wuri, su rufe rangwamen tun kafin su faɗa maka ko an karɓi maƙalarka. Wane malami ne zai fitar da, a ce, yuro 300 daga albashinsa a kan abin da bai tabbata ba? Daga 2022 bankuna da yawa sun toshe amfani da katin naira a waje. A 2025 wasu sun sake buɗewa amma da iyaka, kuma shafin biya yana iya ƙin katin ba tare da wani bayani ba. In ka koma turawa daga asusun dala, ka kula da wurin da ake zaɓen wanda zai ɗauki cajin banki. Zaɓi OUR, wato duka a kanka. In ka bar shi a SHA, wato a raba cajin tsakaninka da mai karɓa, bankin da ke tsakiya zai gutsure nasa, kuɗin ya isa da giɓi, sakataren taro ya rubuta cewa ba ka kammala biya ba, sunanka ya fita daga jadawali. Kuma ka sa lambar rajistarka a wurin bayani, in ba haka ba kuɗin zai shiga asusun jami'arsu ya ɓace cikin dubban biya. Duk wannan ana yin sa ne da naira da ba ta tsayawa wuri ɗaya: kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Kasafin da aka amince da shi a naira wata huɗu da suka wuce ba lalle ya sayi tikitin yau ba, kuma babu ofishin da ke cike giɓin.

Wani tarkon da ke kama mutane a teburin tantance fasinja a filin jirgin Murtala Muhammed shi ne yada zango. Ɗan Nijeriya yana bukatar bizar wucewa ko da ba zai fita daga filin jirgin Frankfurt ko Paris ko Landan ba, sai in yana riƙe da wata biza da ta ɗauke masa. Tikiti mai araha da ya bi ta can zai iya zama asara gaba ɗaya. A duba hanyar Adis Ababa, Doha ko Istanbul tun kafin a biya. Taron Senegal ko Ghana ba ya son biza saboda ECOWAS, amma katin rigakafin shawara dole ne, kuma allurar farko ba ta fara aiki a takarda sai bayan kwana 10.

Kada a ɗauka na gida sun fi. Taron da ake yi a nan Legas, ko a jami'ar da ke Akoka ko wadda ke Ojo, nasa ciwon kan ya ishi mai shi. A ce a biya ta Remita, manhajar biyan kuɗi, ka ciro lambar biya ta RRR, ka biya, ka zo da rasidi, a teburin rajista a ce sunanka ba ya cikin jerin, domin wanda ke riƙe da jerin bai taɓa haɗa shi da bayanan banki ba. Sanarwa ta lissafa otal-otal ba tare da faɗin nisansu da zauren taro ba, alhali a Legas ba a auna nisa da kilomita, da awa ake aunawa. Baƙon da ya zo daga Zariya ko Sakkwato ya ce zai sauka wurin 'yan uwa a Mile 12 ko Alaba Rago don ya rage kashe kuɗi, ba wanda ya gaya masa cewa zaman ƙarfe tara na safe yana nufin ya fita bayan sallar asuba, kuma in ruwan Yuni ya sauka ko hakan ba ta fisshe shi ba. Layi biyu a cikin sanarwa sun isa: wanda ya sauka Agege ya hau jirgin ƙasa na Jan Layi ya sauka Yaba, daga nan ya nemi abin hawa zuwa Akoka, kuma ya tanadi katin Cowry na biyan kuɗin jirgin. Ba a rubutawa.

Ranar farko kuma ta tafi a bikin buɗewa. A jira babban baƙo har rana ta take, a yi jawabi bayan jawabi, a rarraba lambobin yabo, sannan a waiwayi masu maƙala a ce minti 20 ɗin kowa ya koma 7. Ranka ya daɗe shugaban taro, wace hujja ce ake kafawa a minti 7? Kafin mutum ya gama bayyana ma'anar alamominsa an ɗaga masa takardar "lokaci ya ƙare". Sannan a cusa mai aljabra, mai ƙididdiga da mai koyar da lissafin firamare a ɗaki guda saboda sunayensu sun jeru a haruffa, alhali lambobin rabe-raben fannoni na MSC 2020 suna nan, da an nemi kowa ya sa a ƙasan tsakurensa da rabon ɗakuna ya yi kansa. Ranar Juma'a a sa zama daga ƙarfe ɗaya zuwa uku, a yi mamakin ganin rabin kujeru babu kowa.

Abin da ya fi ƙona rai shi ne ɗakin da babu allo. Taron lissafi, babu allo! In an samu farin allo, alƙalumansa sun bushe. Mai tambaya ya ce bai gamsu da mataki na uku ba, mai maƙala ya tsaya yana zana alamomi a iska da yatsa. Majigin bakin VGA gare shi, kwamfutocin yanzu HDMI ko USB-C, mahaɗi guda ɗaya ne a duk ginin kuma yana ɗakin da ke sama. Wanda ya shirya shafukansa da manhajar rubuta lissafi ta LaTeX ya fitar da PDF ya tsira. Wanda aka tilasta wa mayar da su PowerPoint ko Word don "tsarin taro", a kwamfutar wani alamar jimla da ta haɗa-ƙanana sai su koma akwatuna. Wuta ta ɗauke, a kunna janareta, majigi ya ɗauki mintuna kafin ya farfaɗo, kuma daga lokacin mai magana ake cirewa. Don haka duk mai zuwa ya riƙe PDF a filashi da kuma a waya, mahaɗinsa na kansa, alƙaluman allo biyu, da kwafi a takarda.

Bayan an dawo ma ba a huta ba. Ofishin kuɗi zai nemi takardar shaidar halarta, rasidin rajista, rasidin otal, guntun katin shiga jirgi na zuwa da na dawowa, da hoton shafin fasfo mai hatimin shige da fice. Masu taro da yawa sai su ce za su turo shaidar halarta ta imel, a shiga wata na biyu shiru. Guntun katin jirgi kuwa da zafi ake buga shi a kan takarda, ba da tawada ba, rubutun yana gogewa cikin 'yan makonni a aljihu, don haka a ɗauki hotonsa tun a filin jirgi. Wanda ya ci bashi ya tafi da alkawarin za a mayar masa, da farashin dalar ranar da aka amince za a biya shi, ba na ranar da ya saya ba, kuma muddin fayil ɗin bai rufu ba sunansa ba zai sake shiga jerin masu neman tallafi ba.