Ga masu cewa sai mun samu shugaba mai bulala

'Yan uwana matasa, ina yawan jin wasunku a majalisa, idan tsadar rayuwa ta ishe su, suna cewa ƙasa ba za ta gyaru ba sai an samu shugaban da ba a ja da shi. To ku matso ku ji yadda ta kaya a Italiya, ƙasar da ta taɓa samun irinsa.

Benito Mussolini ya hau mulki a 1922. A 1925 ya ƙaddamar da abin da ya kira yaƙin alkama, wai ƙasa ta ciyar da kanta. Har hoto ake ɗaukarsa ba riga yana sussuka a gona. Alkama ta ƙaru, ba musu, amma ya lafta haraji kan wadda ake shigowa da ita, burodin talaka ya yi tsada. A 1926 ya haramta yajin aiki, ya kuma ɗaga darajar kuɗinsu, lira, don dai a ce ƙasa ta isa. Wa ya biya? Ma'aikacin da aka zaftare wa albashi, ga shi ba bakin kuka.

Abin bai tsaya a kasuwa ba, har ɗaka ya shiga. Daga 1927 duk tuzurun da ya kai shekara 25 sai ya biya harajin rashin aure, domin gwamnati na son 'ya'yan da za su zama sojoji. Da a nan ne, ai rabin majalisarmu ta shiga uku. Yaro da ya kai shekara 8 an sa masa kaki a Balilla, ƙungiyar yara ta gwamnati. Aikin gwamnati kuwa sai da katin jam'iyya, har mutane suka riƙa kiransa katin burodi.

Wanda ya fi tsaya min a rai shi ne na ranar 18 ga Disamba, 1935. Italiya na yaƙin mamaye Habasha, aka ce matan aure su kawo zoben aurensu na zinare don tallafa wa yaƙin. Suka yi layi, kowacce ta zare nata ta miƙa, aka ba ta na ƙarfe. Ka ƙaddara mahaifiyarka ce a layin nan, maƙwabta na duban yatsan kowa. Wa ta isa ta ƙi?

Zuwa 1941, ƙasar da aka yi wa alkawarin ƙoshi, burodi ma sai da katin rabon abinci, giram 200 ga mutum a rana.