Sharhi kan labarin tsadar wayoyi a Kano

Labarin ya ɗora laifin tsadar waya a kan 'yan kasuwar waya ta Farm Centre da ke Kano, amma bai duba hanyar da kayan suke biyowa ba. Mai shago yana saro wayoyi da caja daga biranen Guangzhou ko Shenzhen na China da kuɗin waje, kuma tun da aka saki naira a Yunin 2023 don kasuwa ta riƙa yanke darajarta, dalar da take kusan naira 460 a hukumance ta haura 1,500 a 2024, kuɗin kwastan ma ya bi sahu. Ni kaina na taɓa buɗe kwali na tarar da caja 12 ba sa kawo wuta, kamfanin da ya turo su kuma ya ce sai dai in mayar da su China da kuɗin aljihuna.