Kirsimetin bana, a ɗora wa yara kwano

Shekaranjiya da dare 'yata ta fari, mai shekara 9, ta tambaye ni me za mu yi ranar Kirsimeti. Kafin in buɗe baki ƙaninta ya riga ni, yana ƙirgawa da yatsu: za mu sa sababbin kaya, mu je coci, a ɗauke mu hoto, mu ci shinkafa da kaza, sai Baba ya kai mu wurin lilo. Bai yi ƙarya ba, haka muka yi bara, haka muka yi bara waccan. Amma da na kwanta barci ya ƙi zuwa. Cikin abubuwa biyar ɗin nan babu ko ɗaya da yaron zai yi wa wani. Duka yi masa za a yi.

Iyaye 'yan'uwana, maganar da ta tayar da ni ke nan.

Ni a Wusasa na tashi, nan gefen Zariya, inda cocin St. Bartholomew yake tun 1929, ginin ƙasa irin na magina Hausawa. Mu Hausawa ne, Kiristoci ne, da Hausa muke sujada, da Hausa muke rera waƙoƙin da ke cikin Littafin Waƙoƙi, kuma Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito tun 1932, kafin a haifi iyayenmu. A dangin mahaifina akwai Musulmi, akwai Kirista, kaka ɗaya ta haɗa mu. Saboda haka Kirsimeti a gidanmu ba a taɓa yin sa ƙofa a rufe ba.

Tun farkon Disamba ake jin ƙamshinsa. Hunturu ya sauka, leɓe ya tsage, ana shafa mana man kaɗanya safe da yamma. Ana sintiri gidan tela, ana layin kitso, ana suyar cincin a zuba a bokiti a kai ƙarƙashin gado. Ranar jajiberi Baba yakan aika a kira wani malami maƙwabcinmu ya yanka kaji, in shekara ta yi kyau har da akuya. Ina ƙarama na tambayi Mama me ya sa Baba ba ya yankawa da kansa alhali ya iya. Ta ce don kowa ya ci hankalinsa kwance. A lokacin ban gane zurfin maganar ba.

Idan an taso daga sujada, ba mu ke fara cin abinci ba. Mama takan jera samiru a tsakar gida, fiye da goma, ta zuba shinkafa, ta zuba miya, ta ɗora nama, ta rufe, sannan ta kira mu ɗaya bayan ɗaya. Ke gidan Hajiya. Kai gidan Malam. Ke ki kai wa tsohuwar nan ta bayan layi, ki zauna sai ta buɗe ta gani. Kuma ba ta sakin ka sai ka maimaita mata abin da za ka faɗa: ka yi sallama, ka durƙusa, ka gaishe su, ka tambayi mutanen gida, sai ka ce Mama ta ce a gaishe ku, ga abincin Kirsimeti. Da sabon takalmi mai cizon ƙafa muke wannan zirga-zirga, ƙura na tashi, kwano a kai.

Kwanon kuwa ba ya dawowa wayam. Wata ta zuba gyaɗa, wata ta sa ƙwai biyu, wata ta danƙa maka naira biyar mai hoton Tafawa Ɓalewa ta ce ga tukuici, Allah ya raya. Da babbar Sallah ta zo, 'ya'yansu ne ke sallama a ƙofarmu da soyayyen naman layya. Ba wanda ya taɓa zaunar da ni ya yi mini wa'azin ƙaunar maƙwabci. A ƙafata na koye ta. Da Bahaushe ya ce zumunci a ƙafa yake, ni ƙafar yaro nake gani.

Yanzu ina aure a Kaduna, a kudancin kogi. Duk wanda ya san garin nan ya san abin da rikicin shekarar 2000 ya bari: mutane suka kwashe kayansu, Kirista ya gangara kudu, Musulmi ya haura arewa, gada ta zama iyaka. Haka Jos ta koma bayan 2001. 'Ya'yana uku a wannan rabuwar aka haife su. Na zauna na yi lissafi, ban da gidajen danginmu na Zariya da muke leƙawa sau ɗaya a shekara, ba su taɓa shiga gidan Musulmi sun zauna a kan tabarma an ba su ruwa ba. Na tabbata a Tudun Wada da Rigasa akwai yara sa'anninsu da ba su taɓa shiga gidan Kirista ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ya faru ne a makarantar Lahadi. Ana raba wa yara wasan kwaikwayon haihuwar Almasihu, kamar yadda ake yi kowace shekara: wannan Maryamu, wannan Yusufu, waɗannan mala'iku, waɗannan masana daga gabas da zinariya da lubban da mur. Aka ce ɗana mai shekara 6 ya fito a makiyayi. Ya ƙi. Malamarsu ta lallaɓa shi, ya ce shi ba zai zama makiyayi ba, makiyaya masu kashe mutane ne. Da ta gaya mini sai da na nemi wuri na zauna. Ba a gida na koya masa ba, amma a bakinmu manya ya tsinta, a hirar tsakar gida da labaran da muke saurare yana gefe yana wasa. Ga shi kuwa a Luka sura 2, mutanen da aka fara yi wa albishir ba sarki ba ne, ba firist ba ne, makiyaya ne da ke kwana a fili suna tsaron garkensu da dare. Yaron da ya tsani kalmar, ta yaya zai shiga cikin labarin?

Kada wani ya ce ban san abin da ke faruwa ba. Na sani. Ban manta da bam ɗin cocin St. Theresa a Madalla ranar Kirsimetin 2011 ba. Ban manta da ƙauyukan Bokkos da Barikin Ladi a jajiberin Kirsimetin 2023 ba, akwai mata a ƙungiyar Zumuntar Matan cocinmu da suka rasa 'yan'uwa a can. 'Ya'yanmu suna ganin ana caje mu a ƙofar majami'a kafin mu shiga, suna ganin jami'an tsaro a bakin titi. Tsoron nan gaskiya ne, kuma ba zan ce wa uwar da ta binne ɗanta ta manta ba. Ba kuma ina cewa a saki yaro shi kaɗai ya tsallaka gari ba, a riƙe hannunsa a raka shi. Abin da nake faɗi shi ne, idan labarin tsoro kaɗai yaro ya sani game da wanda ba addininsu ɗaya ba, to da shi zai girma, shi kuma zai ba nasa 'ya'yan. Dole ya zama yana da fuska guda da zai tuna, ta wata Hajiya da ta shafa kansa ta sa masa albarka.

Za a ce tsada. E, akwai tsada. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, gidaje da yawa kaza ɗaya ma sai an yi shawara. Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya, a ina kuɗin Disamba yake tafiya? Anko na gida duka, uwa da uba da yara, don hoton da za a ɗora a Facebook. Takalmin da yaro zai fi ƙarfinsa kafin Ista. Wasu har bashi suke ci, ga kuɗin makaranta na jira a Janairu. Ban hana a yi wa yara ɗinki ba, ni ma na yi, murnar yaro da sabon kaya halal ɗinsa ce. Sai dai wanda ya iya anko ba zai ce cincin cikin leda da gorar zoɓo sun gagare shi ba. Mama da ta jera samiru goma albashin malamar firamare take ɗauka.

Za a kuma ce ai wasu Musulmi ba sa cin abincin Kirsimeti. Haka ne, kuma haƙƙinsu ne, malamansu sun yi magana a kai kuma ba bakinsu ɗaya ba. A unguwarmu akwai gidan da ba a kai musu dafaffe, Mama ta san da haka, ba ta taɓa jin haushi ba. Lemo da rake take ba mu mu kai, wata shekarar gaisuwa kawai. Maigidan yakan fito zaure ya amsa, ya tambayi karatunmu, ya ce mu gaida Baba. Babba ya fara tambaya kafin a aiki yaro, don kada a kunyata kowa. Ba a yin kyauta don a ɗaure mutum.

Kwanon nan ma ba na Musulmi kaɗai ba ne. Gwauruwar da ke zama a bencin baya a coci, wadda kowa ke gaisarwa amma ba wanda ya san ɗakinta. Iyalin da suka gudo daga ƙauye suna raɓe a kangon gini. Mai gadin layi. Almajiran da ke tsayawa a ƙofa suna jin ƙamshi. A Luka sura 14 Yesu da kansa ya ce in za ka yi biki kada ka tsaya kan waɗanda za su iya rama maka, ka kira matalauta da guragu da makafi. Muna karanta wa yara cewa an kwantar da shi a komin dabbobi domin ba a sami wuri a masauki ba, sannan mu koma gida mu sa sakata.

Ban damu ƙwarai da Baba Kirsimeti mai jar riga ba, ko audugar da ake liƙa wa itace a ce ƙanƙara ce a garin da ƙura ke rufe rana. Yara na so, su yi. Abin da ba na so shi ne a bar su 'yan kallo a bikin da ya fara da jariri.

Jiya na sauko da samiru uku cikin kayan aurena, na wanke. Ɗaya ta gwauruwar ce. Ɗaya ta mai kayan miyan da muke ciniki da shi shekara bakwai, wanda ban san sunan matarsa ba sai makon nan da na tambaya. Ta ukun za ta tsallaka gada zuwa gidan abokin aikin maigidana, mun riga mun yi waya, matarsa ta ce tana jiranmu, shi ne ma zai zo ya yanka mana kajin. Ɗana na tsakiya ne zai ɗauki wannan. Ya yarda zai fito a makiyayi, bayan mun zauna na karanta masa labarin da Hausa, na kuma ba shi labarin Bafulatanar da take kawo wa kakarsa nono shekara da shekaru, wadda ta yi kwana uku a gidanmu tana karɓar gaisuwa tare da mu lokacin da Baba ya rasu.

Mun gwada gaisuwar sau uku a falo. Ya yi sallama, ya durƙusa, ya faɗi saƙon bai manta ko kalma ɗaya ba. Da ya miƙe sai ya ce, Mama, in sun ba ni wani abu in karɓa?

Na ce ka karɓa, da hannu biyu.