Ranar da na zama shaho

Yajin aikin malaman jami'a na 2022 ya ci wata takwas. A na uku Inna ta gaji da ganina shimfiɗe a tabarma, ta ɗora mini kular zoɓo ta ce in je in nemo kuɗin data da kaina.

Na samu wata unguwar masu hannu da shuni a Kaduna, ga inuwa, ga leburori suna gini. A jikin get an rubuta "No Hawking". Ni kuwa tun firamare na san "hawk" shaho ne. Na ce ikon Allah, masu kuɗi har tsuntsu suke kafa wa doka, ko da yake wataƙila kaji suke kiwo. Na sauke kula a gindin allon, na buɗe murya: "Zoɓo mai sanyi!"

Ban sayar da gora uku ba sai ga maigadi da kulki.

"Kai samari, ba ka iya karatu ba ne?"

"Baba, aji uku nake a jami'a. Ka ga fiffike a jikina?"

Ya riƙe kula, na riƙe kula. Wani dattijo mai tabarau, tsohon malamin Turanci, ya raba mu. Da ya ji hujjata sai da ya dafa bango don dariya. Ya ce kalmomi biyu ne suka yi kama, ba dangin iya ba na baba. Na tsuntsun daga tsohon Turanci yake, "hafoc". Na talla kuwa baƙo ne: tun ƙarni na 16 Turawan Ingila suka aro "hawker", wato ɗan talla, daga bakin mutanen arewacin Jamus da Holan, sannan suka guntule masa wutsiya suka samu aikatau. Kenan ɗan talla ya riga talla zuwa, kamar a ce ɗa ya haifi ubansa.

Duk wannan lacca a rana aka yi ta, ƙanƙarata tana narkewa, Malam kuma ya shanye gora biyu ba tare da ya tuna da aljihu ba.

Kunya ta shaƙe ni. Na yi kaki, na tofar a gefe, na sunkuya zan ɗauki kula.

Malam ya gyara tabarau ya ce, "Yaro, tsaya. Wannan ma da ka yi yanzu, sunansa hawking."