Kunnenmu a Sudan ba haka ya ji ba

Na karanta sharhin wani marubuci da ya ce cikin sabbin albam ɗin waƙoƙi da ya auna, na hip-hop da na soyayya da na bege, waɗanda aka yi da kiɗan kwamfuta sun fi inganci don an fi kallonsu a YouTube. Ni dai ban yarda ba. Yawan kallo daban, daɗin waƙa daban. Nan Maiurno, jihar Sinnar, tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 intanet sai an dace, waƙa a memori muke tura wa juna, to wa ya ƙirga mu? Ranar bikin ƙanwata mai sauti ya saka biyu daga cikin waɗanda aka yaba, mata suna zaune suna fifita da mayafi, sai da mai kalangu ya matsa tsarkiya sannan fili ya cika. Kai kuma ɗan'uwa mai karatu da ka yi tsokaci a kan sharhin cewa haɗa Hausa da Larabci ɓata waƙa ne, A'isha Falatiya fa? Da harsunan biyu ta yi waƙa, kuma ita ce mace ta farko da ta rera a rediyon Omdurman. Malam marubuci, don Allah baitocin ka saurara, ko lambobin ƙasan bidiyo ka duba?