Yaran da gubar dalma ba ta kashe ba

Duk sanda aka tada zancen zinaren Zamfara, sai a faɗa kan 'yan bindiga da manyan da ke cin moriyar ramukan. Ni kuwa hankalina na kan yaran da ke rarrafe a Dareta da Yargalma da Abare da Bagega a 2010.

A shekarar ce likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka ga yara na ta mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Amai, taune-taune, a ba da maganin zazzaɓin cizon sauro, shiru. Ashe dutsen da ake haƙowa cike yake da dalma. Maigida ya ɗauko shi a buhu ya kawo gida, uwargida ta daka a turmi, ko a kai injin niƙa. Ƙurar ta kwanta a tsakar gida inda ake shanya hatsi, yaro ya dafa ƙasa ya kai hannu baki. Shi ke nan. Yara kimanin 400 aka binne.

Bagega sai 2013 aka fara kwashe gurɓatacciyar ƙasarta, bayan an sha roƙon Abuja ta saki kuɗi. Ko shekara biyu ba a rufa da kyau ba, a 2015, gubar ta sake kashe yara a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja.

Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne masu cewa jahilci ne ya kashe su. Haba malam. Mutumin da noman damina ba ya kai shi rani, ga dillali a ƙofar gida da sikeli da kuɗi a hannu, me kake so ya yi? Dillalin nan dai ɗansa bai taɓa shaƙar ƙurar ba.

Mamatan an ƙirga su, Allah Ya jiƙansu. Waɗanda suka rayu fa? Maganin da aka ba su yana fitar da dalma daga jini, amma ba ya gyara ƙwaƙwalwar da ta riga ta taɓu. Akwai waɗanda suka makance, akwai waɗanda jiki ya shanye, akwai wanda za ka gan shi garau amma karatu ya ƙi zama, malam na ta dukansa wai daƙiƙi ne. Yanzu samari ne da 'yan mata, sun haura sha biyar.

A Disambar 2024 gwamnatin tarayya ta ɗage haramcin haƙar ma'adinai da ta sa wa Zamfara tun 2019. Na bi labarin, na ji ana ta maganar kuɗin shiga da masu zuba jari. Ban ji an ambaci Bagega ba.