Ku kwashe kaniwo tukuna sannan ku miƙo tikiti

To ku da kuka cika mana waya da wai ɗan Maradi ba ya son biyan lampo, wato haraji, kun dai ga abin shekaranjiya a bakin kasuwa ko sai na sake turo hoton? Tsohuwa zaune da farantin ƙuli-ƙuli da ƴan kwalaben man gyaɗa, ƙafarta cikin ruwan kwata, yaro ya tsaya kanta da ɗan littafi wai dala ashirin kuɗin tsabta. Ta ce ɗana wace tsabtar? Ya ce Inna ni dai aiko ni aka yi. Ta kwance bakin zane ta ba shi, ya yago mata takarda, ya tsallake kaniwon, wato magudanar ruwan da leda ta toshe tun damanar bara, ya yi gaba abinsa. Sannunku da aiki, Allah ƙara girma!

Ni ban ce kada a biya ba, cewa na yi mu gani a ƙasa. Tun 2014 aka yi dokar hana shigo da leda da sayar da ita a Nijar, yau ko barkonon dala biyar ka saya cikin leda za a ɗaure maka, kuma ba tsohuwar nan ke tsallako da ita kan iyaka ba. Ƙarshen watan Agusta na 2024 da ruwan nan ya sauka gidaje suka rurrushe muka yi jana'iza a garin nan, ruwan ya rasa hanyar da zai bi ya gangara gulbi ne ya shigo ɗakunan mutane. Wani zai ce ai canjin yanayi ne. E mun ji, damana ta canza hali, tsofaffinmu ma sun faɗa. Amma canjin yanayin ne ya cusa leda da yashi cikin kwalbati?

Masu cewa talaka bai waye da zancen muhalli ba su leƙa gonakin karkara. Lokacin da itace yake na hukuma, manomi na tsoron tarar ƴan gandun daji, da ya ga ɗan tsiron gawo sai ya sare shi tun kafin ya zame masa rigima. Da aka fara sassaben zamani, wato rainon tohon itace cikin gona, nan ƙasar Maradi wajen 1983, manomi ya gane in ya bar kututture ya tofo reshen nasa ne, ƴaƴan gawon na dabbobinsa ne, ba wanda ya bi shi da tikiti, ya raini itace da kansa har ana zancen itatuwa miliyan 200 tsakanin nan da Damagaram. Ya gani a ƙasa ne shi ya sa. Ko Faransa mai kuɗi da ta so ta sake ƙara harajin mai da sunan yanayi a 2018 ai mutanenta riguna masu ruwan ɗorawa suka saka suka tare hanyoyi har aka janye, balle mai ƙuli-ƙuli.

Wallahi abin na ci min rai, don tsohuwar nan sa'ar mahaifiyata ce, kuma ko musu ba ta tsaya yi ba.

Af, akuyar nan tawa da na ce muku ta daina cin dusa, jiya muka yanka. Mahaucin ya ciro dunƙulen leda daga tumbinta ya kai kan jariri, har da igiyar buhu.